Gyambon ƙafar Mma da takalmin da za a aiko daga Jamus

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Maganar mahaifiyata ce ta sa na rubuto. Shekarunta 58, tana sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi a Aboabo. Ƙarfe 3 na dare take tashi ta hura wuta, ba ta kuma zama sai tukunya ta ƙare, wajen azahar. Shekara 11 ke nan da aka ce tana da suga. Wata 4 da suka wuce wani ɗan rami ya fito mata a tafin ƙafar dama, daidai gindin babban yatsa, faɗinsa kamar ƙarfen pesewa 20. Ko kaɗan ba ya yi mata zafi, shi ya sa wasu a gidanmu suke cewa wani abu aka binne mata ta taka saboda cinikinta. Sau biyu a mako muke kai ta wanki, ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta har zubi biyu, amma ramin yana nan, gefensa ya yi fari ya yi tauri. Yayana da ke Jamus ya ga takalmin masu suga a intanet, ya ce mu turo masa lambar ƙafarta ya saya ya aiko. Hajiya, wannan takalmin zai warkar da ciwon? Mu tura masa lambar?

'Yarki, daga Aboabo, Kumasi

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Mma lafiya, ya yi muku albarka ke da yayanki. Ki ce masa ya dakata tukuna, ya riƙe kuɗin a hannunsa, akwai inda za su fi amfani. Takalmin da ya gani an yi shi ne don ƙafar da fatarta ke rufe, don kada ta fashe. Ƙafar Mma ta riga ta fashe, kayan aikinta daban ne.

Na yi shekara 26 a ɗakin wankin ciwo kafin in huta, kuma irin ramin da kika siffanta na gan shi har ba iyaka: a gindin babban yatsa, zagaye kamar an huda shi da ƙarfe, fari da tauri a gefe, babu zafi. Rashin zafin nan da ya tsorata mutanen gidanku shi ne bayanin ciwon gaba ɗaya. Suga idan ya daɗe yana hawa yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji, kuma daga yatsun ƙafa yake farawa. Wasu sukan fara da jin kamar ana tsira musu allura ko ana zuba musu barkono da dare, wasu su ji kamar a kan auduga suke tafiya, daga baya ƙafar ta yi shiru. Mai lafiya idan wuri ɗaya ya gaji da nauyi, zafi ne ke sa shi ya ɗingisa ko ya nemi kujera. Mma ba ta da wannan ɗan aiken. Tana tsaye tun tsakar dare, ƙashi na dannawa daga ciki, ƙasa na dannawa daga waje, fata ta yi kanta, kantar ta zama kamar tsakuwa a cikin takalmi, naman da ke ƙarƙashinta ya dagargaje, rannan sai a ga rami. Ki faɗa wa mutanen gida wannan cikin ladabi, domin na san don suna sonta suke neman dalili. A yi mata addu'a, a ƙara. Amma kada a bari wani ya tsaga wurin ko ya cusa masa garin magani da sunan fitar da abin da ta taka. Na ga ƙafafun da suka tafi ta wannan hanya.

Yanzu ki duba abin da ke faruwa tsakanin wankin Litinin da na Alhamis. Nama sabo yana tsirowa a gindin ramin, laushinsa kamar danƙon kunu. Mma ta sauko daga gadon wanki ta ɗora masa nauyin jikinta duka, ta sake, ta sake, sau dubbai kafin dare. Wanki yana tsabtace ciwo, maganin kashe ƙwayoyin cuta yana yaƙar cuta idan ta shiga, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke nauyi. Muddin ana taka gyambon nan, ko da me aka wanke shi zai zauna.

Wani likita ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya yi aiki da kutare a Vellore ta ƙasar Indiya tun daga 1946, shi ya fito da wannan magana fili. Ya lura cewa yawancin yatsun da kutare ke rasawa raunuka ne ke cinye su, raunukan da ba su ji ba balle su kare. Sai ya riƙa sa musu siminti a ƙafa gyambonsu na rufewa. Da ya koma Carville ta Amurka a 1966, aka ɗauki dabarar aka yi amfani da ita ga masu suga. Har yau ita ce kan gaba. Ƙungiyar ƙwararru ta duniya da ke fitar da ƙa'idojin kula da ƙafar masu suga tun 1999, a bugunta na 2023 ta sake cewa gyambo irin na Mma, na tafin ƙafa ta gaba ko tsakiya, abin da ya fi masa shi ne abin ɗauke nauyi mai kaiwa ƙasan gwiwa, wanda mara lafiya ba zai iya cirewa da kansa ba.

Iri biyu ne. Na farko simintin asibiti irin na karaya, sai dai ana shafa shi ya bi kowane lungu na ƙafa da ƙwauri, ta yadda nauyi zai watsu ko'ina, wani ya hau ƙwauri, idon sawu kuma ya daina lanƙwasa. Ana cire shi kusan duk mako a duba ciwon, a yanke kantar da ta taru, a sa sabo. Na biyu wani dogon takalmi ne mai tauri kamar kwasfa, mai maɗaurai, ƙasansa a lanƙwashe kamar gindin ƙwarya don ƙafa ta mirgina ba tare da yatsu sun tanƙwaru ba. Shi ana iya cire shi, amma sau da yawa akan naɗe shi da bandeji ko zagayen siminti ɗaya don kada a cire. A wani gwaji da David Armstrong da abokan aikinsa suka wallafa a 2001, cikin mako 12 kusan kashi 90 cikin 100 na masu siminti sun warke, masu dogon takalmin da ake cirewa kashi 65, masu rabin takalmi, wato gajere mai ɗauke nauyi daga gaban ƙafa, kashi 58.

Me ya kawo wannan tazara, alhali dogon takalmin shi ma yana ɗauke nauyi sosai? Cirewa. Mutanen nan sun sake wani bincike a 2003, suka maƙala wa marasa lafiya na'urar ƙirga taku a ƙugu, wata kuma a jikin takalmin. Sai aka ga kashi 28 kacal na takunsu suke yi da shi. Ni ban yi mamaki ba da na ji. Akwai wata baiwar Allah da 'ya'yanta suka saya wa irin wannan takalmi da kuɗi masu yawa. Mako 5 tana zuwa da shi a ƙafa, ciwon bai motsa ba. Wata safiya cikin hunturu, lokacin da ƙura ta rufe ko'ina a garin nan, na cire mata shi na juya ƙasansa. Fes yake, har zanen roba bai goge ba. Na dube ta, ta sunkuyar da kai. Ashe a leda take kawo shi, sai ta sauko daga trotro a bakin ƙofar asibiti take sawa. Ta ce yana da nauyi, yana sa ta gumi, kuma idan ta shiga lungunsu da shi kowa sai ya tambaye ta. Ban yi mata faɗa ba, domin duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Muka zauna da babbar 'yarta, aka yarda a naɗe shi yadda ba zai ciru ba, ciwon ya fara tsukewa. Taku goma daga gado zuwa bayan gida da tsakar dare, ƙafa tsirara a kan siminti, sun isa su rushe abin da aka gina a yini.

Sai dai kada ku tafi ku ce lallai sai an sa wa Mma siminti. Kafin a rufe ƙafa dole likita ya tabbatar da abu biyu. Ɗaya, jini na isa ƙafar: zai taɓa bugun jijiya a bayan ƙafa da bayan idon sawu, in da hali a auna da na'ura. Biyu, babu cuta mai zurfi: ciwon da ya kai wata 4 ya kamata a zura masa ɗan ƙarfe mai tsabta a ji ko ya taɓa ƙashi, a kuma ɗauki hoton ƙafar. Idan jini ya yi ƙaranci sosai, ko cuta ta yi ƙarfi, su ake fara magancewa, a yi amfani da abin da ake cirewa don a riƙa ganin ciwon kullum. Shi kansa simintin yana son gwanin hannu, wanda bai iya ba zai iya haifar da sabon rauni a ƙafar da ba ta ji. Ku nemi takardar turawa zuwa sashen masu suga na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke ce wa Ji, ki faɗa wa likita da bakinki: wata 4 ana wanki, babu abin da aka yi na ɗauke nauyi, me za a yi?

In babu siminti babu dogon takalmi, akwai na ƙasa da su: gajeren takalmin ciwo mai tsayawa a idon sawu, ko wani soso mai kauri da ake yanke masa gurbi daidai ciwon a manna shi a tafin ƙafa, nauyi ya sauka a kewaye, a sa cikin takalmi mai faɗi. Ma'aikacin lafiya ne zai yanka ya kuma canza shi. Duk wanda aka ba ta, a ƙara wa takalmin ɗaya ƙafar tudu don su daidaita, in ba haka ba ƙugu da baya za su fara ciwo, ta kuma iya faɗuwa. Sandar dogarawa tana taimakawa. Lokacin wanka a ɗaure shi da leda, ruwa kada ya shiga.

Ga inda kuɗin yayanki za su shiga. Babu siminti ko takalmin da zai yi aiki a ƙafar da ke tsaye awa goma. Na san abin da teburin waakye yake nufi a gida: shi ne cefane, shi ne kuɗin makaranta, kuma in an rufe shi wata biyu masu saye sun koma wani wuri. Don haka kada ku ce mata ta bar sana'a, ba za ta ji ba, ni ma da ni ce ba zan ji ba. A ɗauki mai tsaya mata a wuta da zuba abinci na wata biyu ko uku, yayanki ya biya. A samo mata kujera mai tsayi da ɗan benci na ɗora ƙafa, ta zauna tana karɓar kuɗi tana gaisawa da mutanenta. Sauran kuɗin a ajiye na abin ɗauke nauyi, domin katin inshorar lafiya na ƙasa yana ɗaukar ganin likita da magungunan suga da ke jerinsa, amma kayan dogarawa da takalman gyaran ƙafa suna cikin abubuwan da ba ya biya.

Maganar salla, na san ita za ta fara tambaya. Malamai sun yarda da shafa a kan abin da aka ɗaure ciwo da shi, kuma hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba wanda ba zai iya tsayuwa ba damar yin salla a zaune. Ki kai ta wurin malamin da ta yarda da shi ta ji daga bakinsa, hankalinta zai fi kwanciya.

Ke kuma ga aikinki. Duk ranar wanki ki ɗauki hoton ciwon da waya, da ƙarfen pesewa 20 ɗin nan a gefe, kada ya taɓa shi. In an fara ɗauke nauyi da gaske, cikin mako 4 ya kamata faɗinsa ya ragu da kusan rabi. In bai ragu ba a sake bincike. Ki riƙa rubuta awon suganta na safe kafin ta ci komai, ga yawancin manya ana son shi tsakanin 4 da 7 a ma'aunin mmol/L, likitanta zai faɗa mata nata. Idan kuwa kika ga ƙafar ta kumbura, ta yi ja ko zafi a hannu, ko wari, ko mugunya, ko yatsa ya fara baƙi, ko zazzaɓi ya kama ta, ko suga ya haura ya ƙi sauka, ko bandeji ko simintin ya jiƙe daga ciki, to a ranar za ku tafi asibiti, ko da dare ne. Kada ku jira ranar wanki.

TAMBAYA: Hajiya, ni nawa gyambon ya rufe wata 2 da suka wuce, alhamdu lillahi, bayan kusan shekara ina fama. An ce in nemi takalmi na musamman. Garin nan cike yake da masu ɗinkin takalmi, ina da wani shumeka da na sani tun yana yaro. Ba zai iya yi mini ba? Sannan yaya zan yi da masallaci, tunda dole in cire?

Wani Alhaji, daga Zangon Tafo

AMSA: Alhaji, barka da arziki, Allah ya ƙara lafiya. Yanzu ne lokacin takalmin ya yi, kuma kada ka yi jinkiri. Fatar da ta rufe gyambo ba ta kai ta asali ƙarfi ba, ƙashin da ya huda ta kuma yana nan inda yake. Alƙaluman da aka tattara a 2017 sun nuna cewa cikin mutum 100 da suka warke, kusan 40 ciwon na dawo musu kafin shekara, kusan 65 kafin shekara 5.

Ba na raina shumekan Kumasi, takalmansu har ƙasashen maƙwabta ake kai su. Amma zuciyar wannan takalmi ita ce shimfiɗar ciki, kuma ita sai an ɗauki siffar tafin ƙafarka, da soso ko siminti, a gina ta yadda za ta cike kwarin ƙafa ta kuma sassauta daidai tabon. Wannan aikin masu ilimin gyaran gaɓoɓi ne. Akwai cibiyar ƙasa ta wannan aiki a Accra, akwai kuma tsohuwar cibiyar nan ta Nsawam, a kan hanyarmu ta zuwa Accra, wadda Brother Tarcisius de Ruyter, ɗan ƙasar Holan, ya kafa a 1961 saboda yara masu shan inna. Likitanka zai rubuta maka inda za ka. In ka samu shimfiɗar, kuma ƙafarka ba ta karkace sosai ba, yaronka zai iya ɗinka mata gida, da sharaɗin ka kai wa masu aikin su duba kafin ka fara yawo da shi.

Ka faɗa masa ya auna ka da yamma, kana tsaye, ƙafa biyu kowace da nata awo. Tsawon ciki ya ɗara yatsanka mafi tsawo da santimita 1 zuwa 2. Gaban ya zama mai faɗi da zurfi, fata mai laushi, babu ɗinki ko ƙusa da hannu zai ji a ciki, ƙasa mai tauri da ɗan lanƙwasa, dunduniya a rufe, da igiya ko maɗauri. Silifa mai shiga tsakanin yatsu da kwas mai tsinin baki, ka ba da su kyauta. Ka sa a yi maka na biyu mara nauyi, mai shan iska, na cikin gida, domin a gida aka fi yin taku ba a sani ba. Ranar farko awa ɗaya za ka sa shi, ka cire ka duba ƙafar da madubi ko a duba maka. Jan da bai ɓace ba bayan ɗan lokaci yana nufin wurin na gogawa, a mayar a gyara. Kullum ka ƙara lokaci kaɗan.

Masallaci kuwa, ka shiga da safa mai kauri mara ɗinki, fara ta fi don ko ɗigon jini ya fito za ka gani, ko huffi mai laushi wanda bai matse ba. Ka cire takalmi a bakin ƙofa daidai inda shimfiɗa ta fara. Ranar Juma'a ka yi sammako ka samu ciki, domin sahun waje a kan kwalta ko siminti da rana tsaka yana ƙona tafin ƙafa mai shi bai sani ba. In tabon yana gindin yatsu ne, tanƙwara su a sujada da zaman tahiya yana danna shi, ka nuna wa likita yadda kake zama, in ya ce kujera to kujera. Bayan alwala ka tsane tsakanin yatsu da ƙyalle. Ruwan ɗumi na hunturu ka gwada shi da gwiwar hannu. Man kaɗe a dunduniya da tafin ƙafa saboda faso, ban da tsakanin yatsu, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu yankan farce da ke zagayawa da almakashi da reza, kada ka miƙa musu ƙafarka, kanta kuma a asibiti ake yanke ta.

In ka fito daga salla, kafin ka zura ƙafa ka zura hannu. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya taɓa dawowa daga Kejetia da magariba, na durƙusa zan cire masa takalmi na ga safarsa ta manne. Ƙaramar ƙusa ce ta huda ƙasan takalmin, tsininta ya fito ciki kamar ƙwayar shinkafa. Tun safe yake tafiya a kanta, yana ta ba ni labarin farashin goro ina ɓamɓare safar daga naman.

Mai tarihin gyambo irinka ana son a duba ƙafarsa duk wata 1 zuwa 3, ka riƙa zuwa da takalmin a duba shi tare, domin shimfiɗa tana kwanciya da amfani har ta daina aiki ana ganinta kamar lafiya lau. Ranar da za ka je awon farko kuma ka saka tsohon takalmin da ka fi sawa a jaka ka tafi da shi. Mai aikin zai juya shi ya ga gefen da ya cinye da gurbin da yatsunka suka yi a ciki, daga nan zai san inda zai sassauta maka.